Mashayar Alhaji Wada

Isa, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga maiɗakina Habi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ki gai da Inna da kyau, ki ce mata ina godiya da ɗawainiya. Yaya mutanen Kurawa, yaya zafi, yaya jiran ruwa? Mu nan lafiya lau, sai dai saman da ta ƙi mu kamar yadda ta ƙi ku.

Atiku direba ya isar mini da saƙonki cewa in tafi in gano miki saniyarki. Na tafi ran Juma'a bayan an sauko. Illo mai kiwonta ya kafa ruga can bakin gulbi, ƙasa da gari. Gulbin dai suna ya rage mishi, yashi ne zalla, sai ramukan da Fulani ke tonawa su jira ruwa shi tsattsafo, su kwasa da ƙwarya su zuba a komi. Saniyarki Fure tana nan. Ta rame, daga nesa ana ganin haƙarƙarinta, amma cikinta ya fito sosai, Illo ya ce kusan tare za ku sauka in Allah ya so. Ya ce in gaya miki tun da marigayi babanki ya danƙa mishi ita tana 'yar maraƙa bai taɓa bari ta kwana da ƙishirwa ba. Da Nijar za su haura da shanun, to an rufe iyaka, kowa ya tsaya inda yake. Na san ita kaɗai ce abin da muke da shi, tun da geron bara bai yi ba. Ki kwantar da hankalinki, idona na kanta.

Kin tambayi aikin da nike yi. Marinar Alhaji Wada ba irin wadda kika sani ba ce ta karofi da baba. Galura ce ta gwangwani, a tafasa ta cikin ganga da soda da gishiri buhu-buhu, a tsoma shadda. Hannuna ya yi shuɗi har gwiwa, in kin gan ni sai kin yi dariya. Ruwan da anka gama da shi kuwa, kwata ke ɗaukar shi zuwa wani kwari bayan marina. Yau shuɗi, gobe ja, in sun gauraya shi koma baƙi mai wari. A duk yankin ga shi kaɗai ne ruwan da ke kwance a sarari. Na sha tsayawa ina kallo. Shanu su sheƙo da gudu, su yi cirko-cirko a bakinai suna sunsunawa, makiyayi shi kora su da sanda. Ko jaki ba shi sha. Duk wanda ya ga kalar ya san ba na sha ba ne.

To yanzu ruwan ya ratsa ƙasa ya shiga rijiyar unguwa. Mata sun ɗauki ƙwarya da shi har ƙofar Sarki, duba-gari ya zo ya ce ko a gyara ruwan ko a rufe marina. Alhaji ya zagi matan, ya zagi rijiyar, daga baya ya aika Sakkwato a zo mishi da wani malamin da ya san maganin ruwa. Ki yi addu'a kada a rufe, don ban san inda za ni nufa ba.

Ki riƙa cin abinci ko ba ki so. Ki huta lafiya.

Naki,
Kalilu


Isa, farkon Azumi

Zuwa ga maiɗakina Habi,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina gaishe ki, ina gai da Inna da duk na gida, da fatan nauyin bai matsa miki ba. Kada ki ce sai kin yi azumin ga, Allah ya san halin da kike ciki.

Ba a rufe marina ba. Malamin ya zo, sunanai Malam Halliru, ɗan siririn mutum mai tabarau, ba shi da hayaniya. Ya sa munka tona ramuka uku a jere, anka shafe su da siminti, kwata na zubowa a na farko. Da ya ga ina yawan tsayawa bayanai ina kallo, sai ya ce ma Alhaji ni za shi koya mawa. Tun ran nan abokan aiki sunka liƙa mini suna Injiniya.

Bari in gaya miki yadda ake yi, don ban taɓa ganin abin mamaki irinai ba. A ramin farko ana zuba ruwan batir kaɗan-kaɗan, ana tsoma wata 'yar takarda har ta yi ja. Sai a watsa wani koren gari, wai gishirin ƙarfe. Daga nan a kawo faroksaid, irin wanda ake zuba ma gyambo a asibiti shi yi kumfa, sai dai wanga ya fi ƙarfi nesa, in ya ɗiga ma mutum a fata nan take wurin shi yi fari. Ana zubawa ana motsawa da gora. Habi, ruwan nan sai ya ɗauki zafi da kanai, ba wuta ba itace, shina tsuwa shina kumfa. Kina kallo shuɗin zai dushe, shi koma kamar ruwan shayi, shi koma kamar ruwan gulbi in ya kwanta. Malam ya ce ƙone rinin ake yi cikin ruwa.

Amma ya ja mini kunne. Ya ce kala ita ke fara mutuwa, sauran mugun abin shina daɗewa bai mutu ba, don haka a bar ruwan shi kwana. A rami na biyu a zuba laim, farin garin nan na shafen bango, shi kashe tsamin batir, ƙarfen shi kwanta ƙasa kamar laka. Gishirin rini kuwa, ya ce babu maganin da ke taɓa shi, shina nan cikin ruwan har abada. Ko an yi komai daidai, ruwan na kwaɓa ƙasar gini ne da yayyafa hanya. Ba na mutum ba ne, ba na dabba ba ne. Gaban Alhaji ya faɗi haka, Alhaji na ta gyaɗa kai shina duban agogo. Duba-gari ya zo ya cika kwalba, ya ɗaga ta ga rana, ya ce ya gamsu. Malam ya koma Sakkwato.

Mako bai zagayo ba na je ɗaukar laim na tarar babu. Alhaji ya sa an kwashe an shafe gaban gidanai da masallacin ƙofar gida saboda Azumi. Na yi magana, ya ce laim ɗin me, ba ga ruwa ya yi fari ba? Kwanan da ake bari ruwan shi yi ma ya hana, wai aiki ya yi yawa, ramuka na cika. Da kala ta ɓace sai a buɗe shi gangara kwari.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wanga. Shekaranjiya an fita roƙon ruwa. Liman ya yi wa'azi ya ce masu hali su yi sadaka ko Allah ya dube mu. Sai Alhaji ya miƙe cikin taro ya ce shi ya yi sadaka da ruwan bayan marinatai, duk mai dabba shi kawo ta sha fisabilillahi. Anka ɗau kabbara. Jiya mai shela ya zagaya kasuwa da maganar, an share bakin kwarin, an jera komaye, har suna an sa mishi, wai Mashayar Alhaji.

Na same shi a zaure na durƙusa na tuna mishi abin da Malam ya ce. Ya dubi mutanen da ke zaune ya ce ku ji Injiniya, ɗan aji uku, za shi hana ni lada cikin watan Azumi. Anka yi dariya. Wani ya ce hassada ce, wani ya ce yunwa ce ta hau mini kai. Na tashi.

Daga nan wurin Illo na nufa. Na ce mishi kada shi kai shanu, ruwan nan kisa za shi yi. Ya biyo ni har bakin kwarin, ya ɗiba a tafin hannu ya duba. Shina azumi, don haka ɗan yatsa kawai ya tsoma ya taɓa a harshe ya tofar. Sai fuskatai ta washe. Ya ce ai wanga ruwan kanwa ne, irin wanda suke tafiya mai nisa cikin Nijar su kai shanu su sha don su yi ƙiba, ga shi Allah ya kawo musu har gida. Na rantse mishi ba shi ba ne. Ya ce Kalilu, kai ka san tufafi, ni na san nagge. Da ƙyar ya yarda za shi ɗaure Fure a ruga in sauran sun tafi, ni kuma in riƙa kawo mata ruwan rijiya.

Abin da ake ciki ke nan. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Kalilu


Isa, bayan tsakiyar Azumi

Zuwa ga maiɗakina Habi,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Atiku ya tsaida mota tsakiyar hanya ya ƙwala mini albishir, na rasa abin da za ni ba shi sai addu'a. Allah shi raya mana ita, shi ba ki lafiyar shayarwa. Ki gai da Inna, ki ce mata sannu da hidimar ruwan zafi cikin wanga fari.

Na so in tsaya nan. Na yi tunanin in ɓoye miki har ki gama wanka, amma Fulanin da ke zuwa kasuwar Sabon Birni za su kai labari, kuma na fi so ki ji daga gare ni.

Kwanakin farko shanu sun sha ruwan nan kamar za su haɗiye komayen. Dabbar da ta daɗe da ƙishirwa, ga gishiri, ba ta ɗaga kai. Makiyaya na ta sa ma Alhaji albarka, har da masu kai mishi nono. Sannan zawo ya fara. Sannan bakinsu ya yi gyambo. Sai ki ga saniya na tafiya tana tangaɗi, ta kama zagaye wuri ɗaya, ta je ta dafa goshi ga itace ta tsaya, idonta a buɗe amma ba ta gani. In ta faɗi ba ta tashi. Abin da ya fi ci mini rai, wadda ta sha ta fi wadda ba ta sha ba jin ƙishirwa, da safe ita ke gaba wajen komawa.

Alhaji ya ce ciwo ne shanun sunka kwaso a daji, kowa ya yarda, don bana ko ba mashaya shanu na mutuwa. Mahauta sun tare gindin wata tsamiya kusa da kwarin da wuƙaƙensu, suna jira. Saniya na durƙushewa su taso, mai ita ba shi da ta cewa, ko shi bari a yanka ko ta zama mushe. Nama ya cika gari. Gidan da ba a ɗora tukunya da miya ba tun bara yanzu ana buɗa baki da tsoka. Na ji wata tsohuwa na cewa sadakar Alhaji ta karɓu, ga ruwa ga nama.

Ni kuwa kullum kafin in shiga aiki nikan bi layin rijiya da tulu in kai ma Fure. Da matan sunka gane inda nike kai ruwan, sunka taso mini, wai mutane na ƙishirwa ina shayar da saniya. Ɗaya ta tunkuɗe tulun ya fashe. Ban ga laifinsu ba. Na koma ina rage nawa na buɗa baki ina kai mata, amma me butar mutum ɗaya za ta yi ma saniya mai ciki? Ramukan gulbi kuma sun ƙafe ƙaf. Tana ɗaure tana kallon 'yan'uwanta na tafiya, tana kuka har muryarta ta dushe. Ran Talata ta tsinke igiya ta bi sawunsu. Illo ya ce ya ganta, ya ɗaga sanda, sai ya kasa.

Ta yi ɓari, ɗan maraƙi ne namiji. Na same ta kwance, na ɗora kanta a cinyata, na jiƙa rigata ina goge mata baki. Ta daɗe ba ta san ni ba. Da numfashinta ya fara sarƙewa Illo ya yanka ta da hannunai, bai bar mahauta sun taɓa ta da rai ba. Ya miƙo mini cinya in kawo miki, na ce shi ba wanda shike so.

Habi, ki yi haƙuri. Na ce miki idona na kanta, kuma a kan idon nawa ta tafi. Hannuna ne ke zuba maganin da ke ɓatar da kalar, kullum, har yau da safe. Na aika ma Malam Halliru saƙo ta hannun Atiku, ban ji komai ba tukuna. Akwai sauran shanun mutane da ba su faɗi ba, kuma garke na ta zuwa daga Turba da sauran ƙauyuka don sun ji shela. Akwai abin da nike tunanin yi. Ki riƙe jaririyar da kyau, ina nan tafe ran suna in Allah ya yarda.

Naki har kullum,
Kalilu


Isa, bayan Sallah

Zuwa ga maiɗakina Habi,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah shi maimaita mana. Yaya jikinki, yaya yarinya, yaya Inna? Na ji an yi suna, an sa mata sunan mahaifiyata. Na gode, Allah shi saka miki. Na san kin yi ta duban hanya. Ga dalilin da ya sa ban zo ba, kuma ki gafarta rubutun, hannun daman ne bai gama saɓewa ba.

Tunanin da na yi shi ne, tun da ba a jin maganata, bari in mai da ruwan yadda kowa zai gani da idonai. Da can kala ce ke korar shanu da masu su. Don haka washegarin ran da na rubuto miki ban zuba magani ba. Da hantsi, gaban kowa, na fasa bakin kwata na juya ta kai tsaye cikin kwari, na ƙara da gangar shuɗi guda da anka gama tafasawa. Kafin a ankara mashaya ta koma baƙi ƙirin. Na hau tudu na tsaya, zuciyata ta yi sanyi rabon da ta yi haka tun Sha'aban.

Garken farko ya iso. Sunka tsaya, sunka sunsuna. Sai wata tsohuwar saniya ta sa baki, sauran sunka bi. Habi, sun riga sun san wurin, sun san ɗanɗanon gishirin, kala ba ta ƙara ce musu komai. Makiyaya na duka, ni ma na sauko ina duka da gora ina ihu, shanun na ture mu suna shiga har gwiwa. Waɗanda dama sunka yi laushi, ran nan sunka zube, bakinsu da harshensu shuɗi.

Ban gudu ba. Sandunan Fulani sun same ni nan bakin ruwa, ban san adadinsu ba, sai dogarai sunka janye ni. Ba ni riƙe su a rai. Mutum ya ga dukiyar ubanai na shure-shure, ga wanda ya zuba abin tsaye da shuɗin hannu.

A ƙofar Sarki Alhaji ya sa anka kawo kan saniya anka buɗe bakin don kowa shi ga harshen. Ya ce ruwanai fari ne tas, duba-gari shaida ne, duba-gari ya ce haka ne. Ya ce tun farko ni ke zuba abu a ɓoye don in ɓata mishi sadaka, yau dai Allah ya tona ni. Ya yi hawaye, Habi, hawaye na gaske, ya ce ya ɗauke ni kamar ɗa. Na ba da labarin laim da gishiri da abin da Malam ya ce. Anka ce ina Malamin? Atiku ya ce ya je inda shike aiki an ce an tura shi wata jiha. Anka ce laim kuma, ashe har masallacin da anka shafe nike baƙin ciki da shi.

Sai na ce a kira Illo, shi ne shaidata, shi na fara gargaɗa tun saniya ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ya zo. Ya tsufa cikin wata guda, garkenai saura 'yan ƙwarori. Anka tambaye shi, ya ce gaskiya ne, Kalilu ya zo har ruga ya rantse mini ruwan nan kisa za shi yi, tun shina fari. Sannan ya ce shi ma abin da ke damunai ke nan, yaya anka yi na sani? Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya ce ta tsaya mishi a rai. Wurin ya ɗauki salati. Ko dubana bai yi ba ya fita.

Yanzu ina tsare a wani ɗaki bayan gidan Sarki, ana jiran alƙali shi zauna. An ce shanun duka a kaina za a ɗora su, na farko da na ƙarshe, har da Fure. Wani dogari mai kirki ne ya ba ni takarda, shi zai miƙa ma Atiku. Kada ki taso da ɗanyen jego, ba abin da zuwanki zai gyara. Ki zauna wurin Inna, ki shayar da yarinyar. In an gaya miki magana a kaina a rijiya, kada ki tanka.

Abu ɗaya nike roƙonki. An kwashe baƙin ruwan, an sa wani ya ci gaba da zuba magani yadda ya ga ina yi, ba laim, ba kwana. Da safen ga ina jin mai shela ta taga, wai an kama maƙiyin, Mashayar Alhaji ta koma fara, kowa shi kawo dabbatai. Ki sa Inna ta bi rugagen Kurawa ta ce kada wanda ya kawo shanu Isa. Kada ta ce daga gare ni maganar ta fito, in sun ji sunana za su zo.

Ki shafa mini kan yarinyar. Allah shi sada mu da alheri.

Mijinki,
Kalilu